Ƙafar Ce Ta Karye

Ƙafar ce ta karye, ba hannu ba.
Haka Gwaggo Ige ta ce
ranar da aka dawo da ni daga gidan mai ɗori,
babur ɗina yana can bakin titin Yelwa
a lanƙwashe, kamar cokalin da saniya ta taka.

Ta jefo min dunƙulen ulu ruwan ɗorawa
da wani siririn ƙarfe mai ƙugiya a baki.
Na ce, Gwaggo, ni fa ɗan kabu-kabu ne.
Ta ce, jiya ke nan.

Zura, naɗo, jawo.
Zura, naɗo, jawo.
Yatsun da suka saba da matse birki
suka shaƙe zaren har ya ƙi numfashi.
Sassauta, Tunau, ba ɓarawo ka kama ba.
Ta ja bakin zaren sau ɗaya,
aikin wuni guda ya zube a cinyata
a murɗe, kamar taliyar da ta kwana.
Na yi fushi da ita har la'asar.
Da magariba na sake ɗauka, don babu wurin zuwa.

Safar farko, ɗaya ta fi ɗaya tsawo.
Muka dube su, muka dubi ƙafafuna,
muka yi dariya har ɗorin ya motsa.
Hular farko kuwa ta tsuke,
ko mangwaro sai an lallashe shi ya shiga.
Na cusa ta ƙarƙashin matashi, na manta.

Nomau ya zo dubiya, ya tsaya a ƙofa:
Ashe saura mu saya maka zane.
Na ce, kakanka da me ya ci da gidansa?
Ba koma ba? Ido bayan ido, ƙulli bayan ƙulli.
Shi kifi yake tarewa a kogi,
ni sanyi nake tarewa.
Bai amsa ba. Ya dai cinye lemon da ya kawo min.

Wata na huɗu na dogara sanda
zuwa ƙofar asibiti, kaya a faranti.
Kwana uku ana ɗagawa ana ajewa.
Na kanti, mai leda, ya fi sauƙi, in ji su.
Wata ta taya shawul
kuɗin da bai kai na ulunsa ba.
Dare tara na zuba a cikinsa.
Na ce albarka, muryata tana rawa.

Ran Laraba wani mutum ya fito,
wandonsa jiƙe da ruwan kwalekwale har gwiwa.
Matarsa ta sauka, bakwaini ne,
duk hular da ya gwada sai ta rufe har hanci.
Na tona ƙasan jaka.
Ban san ma ta biyo ni ba, 'yar tsukakkiyar nan.
Ya sa ta a kan dunƙulen hannunsa, ya auna,
ya shiga da gudu bai ce komai ba.

Na zauna ina lissafin asara.

Sai ga shi: Ta zauna daram. Nawa?
Ban taɓa yi mata kuɗi ba.
Wa ke sa wa kuskure farashi?
Ya damƙa min dubu da ɗari biyar, duk a jiƙe,
ya ce a yi masa wata biyu, kamar ta.

Kamar ta! Dare biyu ina neman
yadda na ɓata ta tun farko.

Gwaggo ta shanya kuɗin a kan murfin tukunya,
ta cire na ulunta, ta miƙo min canji,
ta ce layi na bakwai ka tsallake ido.

Yanzu ƙafa ta taka, an miƙe babur.
In kun zo tasha kun ga wani a inuwar dogon yaro,
zare na fita daga aljihunsa,
ku yi sallama a hankali.
Ƙirga nake.